Zafi da Sanyi a Jikin Ƙarfe

Motocin da ke bin hanyar Isa zuwa Sabon Birni sukan yi karo, jikinsu ya lotse. Mai gyara yakan gasa wurin da wuta, ya bubbuga da guduma, sa'an nan ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma. Dalili kuwa, zafi yana buɗa ƙarfe, sanyi yana tsuke shi.

A Amurka waɗansu sukan goga busasshiyar ƙanƙara a ƙaramar lotsawa. Da irin iskar da muke fitarwa wajen numfashi ake yin ta. Sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifiri. Amma ba kullum dabarar ke ci ba, babbar lotsawa sai guduma.

Yara, kada ku taɓa wannan ƙanƙara da hannu, gama tana ƙuna kamar garwashi.