Zaɓen Na'urar Wi-Fi Ta Gida In Za A Sake Hanyar Intanet

A 'yan shekarun nan kamfanonin sadarwa suna ta shimfiɗa wayar faiba a waɗansu unguwanni na manyan garuruwanmu, har magidanta da yawa waɗanda a da suke dogara ga katin SIM sun soma shawarar komawa ga sabuwar hanya. To, amma sau da yawa mutum yakan biya kuɗin haɗawa, ya biya na wata, sa'an nan ya tarar tsohuwar na'urarsa ba ta da inda za a soka sabuwar waya, ko kuwa ya ga saurin da ya biya bai kai ɗakin kwanansa ba. Wani kuma yakan yi gaggawa ya sayo na'ura mai tsada, alhali kamfanin zai kawo masa tasa. An rubuta wannan darasi domin ku san abin da za ku duba tun kuɗinku bai bar hannunku ba.

Hanyoyin Da Intanet Ke Shigowa Gida

Hanyoyi huɗu ne sanannu. Ta fari ita ce tsohuwar wayar tarho ta jan ƙarfe, wadda ake kira ADSL. Iyakar saurinta megabit 24 a sakan, kuma gwargwadon nisan gida da ofishin waya gwargwadon raguwar saurin. Ta biyu ita ce ta katin SIM, watau 4G da 5G, wadda take zuwa ta iska daga dogon ƙarfen kamfani. An fara 5G a Nijeriya a shekarar 2022. Ta uku ita ce faiba, wani siririn zaren gilashi wanda haske ke gudu a cikinsa ɗauke da saƙo. Ta huɗu ita ce ta tauraron ɗan Adam, kamar Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023.

Abin lura shi ne, kowace hanya da irin na'urar da ke karɓarta. Wadda aka ƙera domin wayar tarho ba ta jin maganar faiba, wadda kuma aka ƙera domin SIM ba ta san tauraro ba.

Aiki Biyu Ne Cikin Akwati Ɗaya

Akwatin nan mai ƙyaftawar fitilu da kuke gani a gidajen mutane yawanci aiki biyu yake yi. Aiki na fari shi ne karɓo saƙo daga waje a juya shi yadda kwamfuta za ta gane. Na'urar da ke yin wannan ita ce modem. Aiki na biyu shi ne rarraba saƙon ga wayoyin hannu da kwamfutoci da talabijin na cikin gida, ko ta kebul ko ta iska. Mai yin wannan ita ce rauta, kuma rarrabawar ta iska ita ake kira Wi-Fi. Ku ɗauki misalin ruwan famfo: modem ita ce bututun da ya shigo daga titi, rauta kuwa ita ce ƙananan bututan da suka kai ruwa kicin da banɗaki. In an sake hanyar da ruwa ke shigowa, bututun waje ne tilas a sake. Na cikin gida suna iya zama in suna da faɗin da zai ɗauki ruwan.

A wajen faiba, na'urar da ke karɓar hasken ana kiranta ONT. Kamfani ne ke kawo ta, shi ne kuma ke rubuta lambarta a wurinsa kafin ta yi aiki. Saboda haka kada wani ya ruɗe ku ku sayi ONT a kasuwa ba da sanin kamfanin ba, gama galibi ba za ta haɗu ba. Waɗansu kamfanoni sukan kawo ONT mai Wi-Fi a jikinta, waɗansu kuwa sai wadda ke da kafar kebul kurum, mai gida ya nemo rauta da kansa. Wannan shi ne abu na farko da za a tambaya.

Ko Tsohuwar Na'ura Za Ta Yi Amfani?

Juya na'urarka, ka dubi bayanta. In ka ga wata kafa mai faɗi an rubuta WAN a kanta, ko LAN/WAN, to, tana iya karɓar kebul daga ONT ta ci gaba da aiki. Manyan rautocin 4G na ajiyewa bisa tebur da yawa suna da irin wannan kafa. In kuwa ƙaramar nan ce ta aljihu mai batir, yawanci ba ta da kafar kebul sam, ba za ta shiga sabon tsari ba. Haka nan tsohuwar rautar ADSL: 'yar ƙaramar kafar da aka rubuta wa DSL ta wayar tarho ce, ba ta da amfani ga faiba, sai fa in na'urar tana da kafar WAN dabam. Wanda ya koma ga Starlink kuwa za a ba shi rauta tare da faifan, amma ya sani waɗansu samfuran ba su da kafar kebul sai an sayi mahaɗa dabam.

Ko da tsohuwar ba ta shiga ba, kada a yar da ita, kada kuma a bar katinta ya mutu. Masu aikin hanya da masu haƙa lambatu sukan tsinke faiba, gyara kuwa yakan ɗauki kwanaki. A irin wannan rana tsohuwar ita ce za ta fid da ku kunya.

Abubuwa Biyar Da Za A Duba Wajen Saye

Na ɗaya, saurin kafofi. Kafar kebul iri biyu ce a yawancin rautocin kasuwa: mai megabit 100 da mai megabit 1,000, wadda ake kira gigabit. Rautar da kafarta ta WAN ke tsaya a 100 ba za ta wuce 100 ba ko da ka biya kuɗin 200, sauran kuwa asara ce kowane wata. Masu arha da yawa irin wannan ce, ko da kwalinsu na ɗauke da manyan lambobi. A nemi wadda aka rubuta 10/100/1000.

Na biyu, zango. Wi-Fi yana tafiya a kan zango biyu sanannu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na farko yana zuwa nesa, yana kuma ratsa bango, amma ba shi da sauri, ga shi da cunkoso, domin tashoshi uku ne kaɗai a cikinsa ba sa hawa kan juna, watau 1 da 6 da 11, maƙwabta duka kuwa a kansu suke. Na biyu yana da sauri da sarari, amma bango yana rage shi ƙwarai. Rautar kirki ita ce mai duka biyun.

Na uku, tsara. Wi-Fi 4 ya fito a 2009, Wi-Fi 5 a 2013, Wi-Fi 6 a 2019, Wi-Fi 7 kuma a 2024. Sabuwar rauta tana magana da tsofaffin wayoyi, amma da saurin tsohuwar wayar za a yi maganar. Ga gida mai mutum biyar ko shida Wi-Fi 5 ya isa. Inda iyali suke da yawa, wayoyi ashirin ko talatin suna aiki lokaci guda, Wi-Fi 6 ya fi, gama an ƙera shi domin cunkoso. Wanda ba shi da waya ko kwamfuta mai Wi-Fi 7, ba kuma ya biyan layi mai saurin gigabit, bai kamata ya wahalad da aljihunsa a kansa ba tukuna.

Na huɗu, lambar kwali. In ka ga an rubuta AC1200, ba wai wayarka za ta sami megabit 1,200 ba ne. An tara 300 na zangon farko da 867 na zango na biyu ne, aka cike lissafin. Waya ɗaya zango ɗaya take hawa, abin da take samu a aikace kuma yakan kasa lambar da nisa. Ku kuma bambanta megabit da megabait: megabit 8 su ne megabait 1. Layi mai megabit 40 yana sauke megabait 5 a sakan, watau abu mai megabait 1,000 zai ci minti 3 da sakan 20 in komai lafiya.

Na biyar, tsaro. A tabbata rautar tana da makulli irin na WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018. Tsohon makullin nan WEP an daɗe da karya shi, na'urar da ba ta da wani sai shi ba abin saye ba ce. A nemi ta kamfanin da har yanzu yake aiko da gyare-gyaren manhajarta. A Nijeriya Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ce ke amincewa da samfuran kayan sadarwa, don haka a sayi kaya a wurin dillali sananne, a karɓi rasit.

Irin Ginin Gida Da Wurin Ajiyewa

Rautocin nan galibi an gwada su ne a gidaje masu siraran bango. Gidajenmu kuwa na bulo ne da siminti, ko na ƙasa mai kauri, ga ƙofofin ƙarfe, ga rufin kwano, ga sassa dabam-dabam tun daga zaure har cikin gida. Ƙarfe yana mayar da saƙon baya, ruwa da bango mai kauri suna shanye shi. Saboda haka a sa rauta a tsakiyar gida, a bisa, a sarari. Kada a sa ta cikin kabad, ko bayan talabijin, ko kusa da firji ko tankin ruwa. Tun ma'aikata ba su huda bango ba mai gida ya nuna musu wurin da yake so, domin su sauƙin aikinsu suke dubawa, sukan tsaya a ɗakin da ya fi kusa da titi.

In gida babba ne, rauta ɗaya kome tsadarta ba za ta game shi ba. Magani mafi inganci shi ne a ja kebul irin Cat5e ko Cat6 zuwa ɗaya sashen, a sa na'ura ta biyu a can. Irin wannan kebul yana ɗaukar gigabit har tsawon mita 100. A nan ma tsohuwar rauta tana iya amfani in an saita ta ta zama mai watsawa kurum. Akwai kuma na'urori masu zuwa biyu-biyu ko uku-uku, ana ce da su mesh, suna miƙa wa juna saƙo da suna ɗaya; suna da kyau, amma su ma sun fi aiki in an haɗa su da kebul. Ƙaramar na'urar nan ta sokawa a soket mai maimaita saƙo kuwa, yawanci takan raba saurin biyu.

Wanda ya haɗa rautarsa a bayan ONT mai Wi-Fi ya roƙi ma'aikacin ya mai da ɗaya ta zama mai wucewa kawai. In an bar su duka biyu suna rabon adireshi, kyamarar tsaro da waɗansu wasanni sukan ƙi aiki sosai.

Maganar Wuta

Faiba ba ta ɗauke da lantarki, don haka da an ɗauke wuta ONT da rauta za su mutu tare. Yawancinsu volt 12 suke ci, ƙarfin da suke ja kuma a rubuce yake a jikin cajarsu. Ga misalin lissafi: batir mai volt 12 da amfiya-awa 7 yana ɗauke da wat-awa 84. In na'urorin biyu suna cin wat 14 a haɗe, lissafi ya ba da awa 6, amma a aikace kada a sa rai da fiye da awa 4 ko 5. Akwai ƙananan batura da aka yi musamman domin rauta, masu sola kuwa sai su haɗa da layinsu. Kada a musanya caja da wadda volt ɗinta ya bambanta, gama haka ake ƙona na'ura.

Gargaɗi biyu game da zaren kansa. Kada a lanƙwasa shi ko a danne shi da ƙofa, gilashi ne, yana karyewa. Kada kuma kowa ya leƙa bakinsa da ido, musamman yara. Hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa, amma yana iya cutad da ido. In fitilar da aka rubuta wa LOS ta yi ja, haske ya yanke ke nan, sai a kira kamfani, sayen sabuwar rauta ba zai gyara ba.

Tambayoyin Da Za A Yi Wa Kamfani

Kafin a sa hannu a takarda a tambaya: Na'urar da za ku kawo tana da Wi-Fi, kuma zango nawa? Tawa ce ko aro ce? Ina iya haɗa rautata? In haka ne, za ku ba ni suna da kalmar shiga ta PPPoE da lambar VLAN in ana bukatarsu? Saurin aikawa nawa ne, ban da na saukewa? Akwai iyakar data da in an kai ta ake rage sauri? In layi ya tsinke, kwana nawa gyara ke ɗauka? A nemi amsoshin a rubuce.

Ranar haɗawa a gwada sauri da kebul tun ma'aikata ba su tafi ba, sa'an nan a gwada ta Wi-Fi ɗaki-ɗaki. In na kebul ya cika na iska ya kasa, laifin na rauta ne ko wurin ajiyarta. In na kebul ma bai cika ba, maganar ta kamfani ce. Daga nan a sake kalmar sirri guda biyu, ta shiga Wi-Fi da ta shiga saitin rauta, domin wadda ta zo daga masana'anta ba sirri ba ce. Kada a soke tsohon layi sai sabon ya yi mako guda yana aiki.

Shawararmu dai ita ce a fara da na'urar da kamfani ya kawo, a ga inda ta gaza, sa'an nan a sayi abin da zai cike wannan gurbi. Allah ya sa mu amfana.

Tambayoyin Bita

1. Mene ne bambancin modem da rauta?
2. Wace kafa za ka nema a bayan tsohuwar rautarka?
3. Don me rauta mai kafar megabit 100 ba ta dace da layin megabit 200 ba?
4. Layi mai megabit 80 megabait nawa yake saukewa a sakan?
5. Faɗi wurare uku da bai kamata a ajiye rauta ba.