Kanun Sassa da Ƙunshiya a Shafukan Wiki: Misali da Tsarnawa

Gabatarwa

Maƙalar da ba ta da kanun sassa wahalar da mai karatu take yi, domin sai ya bi ta layi-layi kafin ya samo abin da yake nema. Wannan darasi zai nuna yadda ake tsara kanu a Wikipedia ta Hausa, inda aka ɗauki garin Tsarnawa na gundumar Birnin Ƙonni, cikin jihar Tawa, a matsayin misali.

Yadda Ake Rubuta Kanu

Manhajar MediaWiki tana gane kan sashe ne da alamar daidai. Idan marubuci ya rubuta == Tarihi ==, ya buɗe babban sashe. Idan ya sa alama uku-uku, ya buɗe ƙaramin sashe a ƙarƙashinsa. Matakan shida ne, amma na farko, mai alama ɗaya, na sunan shafi ne, don haka ba a amfani da shi a cikin maƙala. Ba a kuma tsallake mataki.

Shafin Tsarnawa zai iya ɗaukar kanu huɗu: Wuri, Tarihi, Tattalin Arziki, da Harshe. A ƙarƙashin Wuri za a bayyana cewa garin yana kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, daidai inda hanyar Tawa ta rabu. Bayanin simintin Malbaza ko albasar Galmi kuwa, shafukansu ya kamata ya tafi, sai a sa mahaɗa.

Ƙunshiya

Ba da hannu ake rubuta ƙunshiya ba. Manhajar ce ke tattaro kanun ta jera su bisa matakansu. Saboda haka duk kuskuren da aka yi a kai, a ƙunshiya yake fara bayyana.

Matsalar Ƙa'idar Rubutu

A nan ne ɗalibin harshe yake da rawar takawa. Kowane kai adireshi ne da wasu shafuka ke iya nunawa kai tsaye. Nijar tana rubuta ƴ, Nijeriya kuwa 'y. Idan wani ya mayar da "Ƴan Kasuwa" zuwa "'Yan Kasuwa", mahaɗar da ke nuni ga wannan sashe ba za ta ƙara kai mai karatu wurin ba. Haka ma idan aka cire lanƙwasar ƙ ko ɗ.

Kammalawa

Ya kamata kai ya zama gajere, mai bayyana abin da ke ƙarƙashinsa, kuma a tsayar da rubutunsa tun farko. Wanda zai gyara shi daga baya, wajibi ne ya gyara mahaɗun da suka dogara da shi.