Fita yawon babur da abokai: aikin da wayarka za ta yi kafin a tayar da inji

Darasin yau na masu fita da babur ne a ƙarshen mako, kuma zan yi misali da tafiya daga cikin birnin Kano zuwa Dam ɗin Tiga, wajen kilomita 70 ta hanyar Zariya.

Abin da ya sa na rubuta shi, akwai wata Asabar da muka taru mu shida a Ƙofar Ɗan Agundi bayan sallar Asuba. Mun wuce Kura, iska na kaɗawa, kowa na jin daɗi. Sai da muka tsaya wajen Bagauda muka ƙirga, mu biyar ne. Tayar na shidanmu ta yi faci tun can baya, wayarsa kuma ta mutu saboda ya kwana ba wuta. Awa biyu muka ɓata muna nemansa. A wurina ranar babur mai daɗi ita ce wadda aka fita tare aka dawo tare kafin Magariba, kuma rabin wannan aikin a waya ake yin sa tun daren jajibiri.

Fara da taswira. Mutane da yawa sun ɗauka GPS da data yake aiki. Ba haka ba ne. Wayarka tana karɓar saƙo ne kai tsaye daga taurarin ɗan'adam, ko ba sabis ta san inda kake. Abin da ke cin data shi ne zanen taswirar kanta. Don haka buɗe Google Maps, danna hotonka da ke sama, shiga wurin taswirar da ake amfani da ita ba intanet, ja akwatin ya rufe daga Kano har Tiga, sannan ka sauke. Kwatancen hanyar mota zai yi aiki ko sabis ya ɗauke.

Sai bibiyar juna. Tun 2017 WhatsApp ya kawo hanyar nuna inda kake kai tsaye, da zaɓi uku: minti 15, awa 1, ko awa 8. Ku buɗe guruf na masu tafiyar kawai, kowa ya kunna na awa 8. Amma ga inda ake yin kuskure. Wannan hanyar, saɓanin taswira, sai da data. Idan abokinka ya shiga wurin da ba sabis, ɗigonsa zai tsaya cak a inda aka gan shi na ƙarshe. Kafin hankalinka ya tashi, ko kafin ka ce ai yana tsaye yana shan shayi, duba lokacin da aka rubuta a ƙarƙashin sunansa. Ɗigon da ya yi minti 20 bai sabunta ba yana gaya maka daga ina za ka fara nema, ba inda yake yanzu ba. Shi ya sa har yanzu muke sa wanda ya fi kowa natsuwa a ƙarshen layi, muna kuma yanke wuraren tsayawa da baki tun kafin a tashi.

Duk wannan cin batir ne. Fawabank mai 10,000mAh ba zai cika waya mai 5,000mAh sau biyu ba, domin wani kaso na wutar yana salwanta wajen sauya ƙarfinta, ya fita a matsayin zafi. Ka lissafa cika ɗaya da ɗan ƙari.

Yanzu maganar da za ta ɓata wa wasu rai: ɗaure waya a kan kan babur. Na san yana da kyau a ido. A watan Satumban 2021 kamfanin Apple ya fitar da gargaɗi cewa girgizar injin manyan babura tana iya lalata kyamarar iPhone. Dalili shi ne a cikin kyamarar akwai ƙananan sassa masu motsi da ke daidaita hoto idan hannu ya yi rawa, girgiza mai tsawo kuma tana gajiyar da su har hoto ya koma dishi-dishi. Ga ƙananan babura irin namu, shawararsu ita ce a sa mariƙi mai tsotse girgiza, kuma kada a mayar da abin ɗabi'a. Wayoyin Android masu irin wannan kyamarar su ma sassan nasu motsi suke yi. Ƙara da rana: an ƙera iPhone ta yi aiki a zafin da bai wuce maki 35 ba, Kano kuwa a watan Afrilu tana haura 40. Ni dai tawa a aljihun riga take, idan ina son duba hanya sai in sauka gefen titi. Wanda ke gaba kaɗai ke buƙatar taswira a gabansa, shi ma tsohuwar waya ta ishe shi.

Bidiyo a kan tafiya kuwa, hannu ɗaya a babur ɗaya a waya, tsakanin tireloli a titin Zariya, a guruf ɗinmu mun hana. A bari sai an isa bakin ruwa, an cire hular kwano, an yi odar kifi.

Kafin ka kwanta, ajiye lamba 122 ta hukumar kiyaye haɗurra da 112 ta agajin gaggawa, ka rubuta lambar mutum ɗaya na gida a takarda ka sa a aljihu, saboda waya mai makulli ba ta amfanar wanda ya tsaya taimakonka. Sannan ka sa wayar da fawabank ɗin a caji, idan ba wuta ka kai shagon mai caji tun da yamma.