Wa Ke da Haƙƙin Abin da Aka Ƙago?

Ya 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya tashi daga Agege ya tafi kasuwar kwamfuta ta Ikeja zai ji masu gyaran waya suna cewa, "Aisi ya ƙone." Aisi ɗin nan wata 'yar ƙwaya ce ta silikon, ba ta fi farce girma ba, amma ita ce ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta. Ina so mu duba yadda aka yi ta shari'a a kanta, domin akwai abin lura a ciki.

Da farko sai mu san takardar mallakar ƙirƙira. Takarda ce da hukuma ke bai wa wanda ya ƙago sabon abu, ta hana kowa yin irinsa sai da izninsa, har zuwa wani wa'adi. In wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa.

A shekarar 1958 wani Ba'amurke, Jack Kilby, na kamfanin Texas Instruments, ya haɗa aisi na farko. Ba a daɗe ba Robert Noyce na kamfanin Fairchild ya fito da tasa dabarar. Dukansu biyu suka nemi takarda a 1959, sai gardama ta tashi. Da kamfanonin suka ga asara ta yi yawa, sai suka shirya a 1966, kowa ya yi amfani da dabarar ɗan'uwansa.

Abin mamaki ya faru a Japan. Texas Instruments ya nemi takarda can a 1960, amma wani ɓangarenta ba a ba shi ba sai 1989, watau bayan aisi ya cika duniya. Nan da nan ya bi kamfanonin ƙasar yana karɓar kuɗi. Fujitsu ya ƙi biya, ya ce ƙirarsa dabam ce. Aka shiga kotu a 1991, kotun ƙoli ta Japan ta ba Fujitsu gaskiya a 2000.

Kada ku ce abin na nesa ne. A 2007, nan Ikko, kamfanin LANCOR ya kai ƙungiyar One Laptop Per Child ƙara a Babbar Kotun Tarayya. Ya ce an kwaikwayi Konyin, wani allon buga rubutu da ya yi wa rajista, wanda ke fitar da haruffan harsunanmu irin su ɓ da ɗ da ƙ. Ya nemi diyyar dala miliyan 20, ƙungiyar kuwa ta musanta.

To, ga abin da nake so ku riƙe. Dokar Nijeriya ta 1970 ta ba takardar ƙirƙira shekara 20. Kuma wanda ya riga kai takardar nema ofishin rajista, shi doka ta fara sani, ko da wani ya riga shi tunani. Haka kuma wanda ya baza dabararsa a kasuwa kafin ya nema, yana iya rasa haƙƙinsa, gama abin ya daina zama sabo.

Gobe ku ne malamai. In wani almajirinku ya zo muku da abin da ya ƙera da hannunsa, kada ku tsaya ga yabo kawai. Ku sa shi ya rubuta yadda ya yi, da kwanan wata, sa'an nan ku nuna masa hanyar rajista tun bai kai kasuwa ba.