Ƙugi a Kunne: Kwamfuta da Wayar Ƙasa

Wanda ya sa lasifikar kunne ya ji "zuuu" ba ƙaƙƙautawa, abin da zai fara cewa shi ne lasifikar ta lalace. In kuwa bai daɗe da sauya babban farantin kwamfutarsa ba, sai ya ce jabu aka sayar masa. Sau da yawa duka biyun lafiyarsu ƙalau. Wata ƴar wuta ce ta rasa hanyar shiga ƙasa, sai ta biyo wayar sauti.

A garin Azagor na ƙasar Dakoro, kwamfutar tebur ba ta zaman banza. Da ita ake buga takardu, da ita ake zuba wa mutane karatu da waƙoƙi a katin waya, wani kuma murya yake ɗauka da ita. In ta samu matsala, mai gyara yana Dakoro ko Maradi, ga kuɗin mota, ga ƙura da girgizar hanya. Don haka kafin ka ɗaure ta a buhu, akwai abubuwan da za ka duba da kanka.

Babban faranti shi ne faffaɗan allon nan da ke cikin kwamfuta, wanda duk sauran sassa suke dashe a kansa. A gefensa akwai akwatin wuta, mai karɓar kuran daga soket ya rage masa ƙarfi. Kuran na Nijar, wanda kamfanin NIGELEC yake rabawa, bolt 220 ne, kuma yana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Haka na Najeriya ma yake kai da komowa, tunda wutar Maradi da Zinder ta layin Katsina zuwa Gazawa aka jawo ta. Wannan kai da komowa shi kunne yake ji kamar ƙugi mai kauri idan ya kutsa cikin sauti.

A cikin akwatin wuta akwai matata da ke tace dattin kuran ta zubar da shi a jikin ƙarfen kwamfuta. Daga jikin ƙarfen ya kamata ya bi waya ta uku ya shige ƙasa. Ita ce wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Aikinta irin na indararo ne: in babu shi, ruwan saman soro bango zai bi. Kwamfutar da ba ta da wayar ƙasa, jikinta yana iya tara wuta har kusan bolt 110. Ba ta da yawan da za ta ka da mutum, amma za ka ji tana ɗan jan hannunka idan ka taɓa noti ko bakin USB, musamman in ƙafarka ba takalmi.

Fara da abin da ba ya cin ko dala. Cire lasifikar ka sa ta a wayar salula, ka cire wayar daga caji. In sauti ya fito garau, ka wanke lasifika daga zargi. Mayar da ita kwamfuta, amma ka sa ta a ramin baya maimakon na gaba. Koren rami na saurare ne, mai ruwan hoda na makirfo. Ramukan baya a jikin farantin suke kai tsaye, na gaba kuwa doguwar siririyar waya ce take haɗa su da shi, kuma wannan waya tana kwasar hayaniyar duk abin da ta gifta. In baya shiru, gaba ƙugi, to ka san inda za ka nufa.

Daga nan ka ɗora tafin hannunka a kan ƙarfen bayan kwamfuta, kana saurare. In ƙugin ya ragu ko ya sauya, maganar ƙasa ce. Amma in ka ji wuta ta fizge ka da ƙarfi, janye hannu, zare fulogi, kada ka ƙara kunnawa sai mai gyaran wuta ya zo.

Shi kansa ƙugin iri-iri ne, kuma masu gyara ta kunne suke fara gane ciwon. Saurari yadda wani saurayi ya yi da maigidansa ta waya.

"Maigida, tunda na sa sabon farantin nan kunnena bai huta ba."

"Wane irin ƙara kake ji, yaro? Mai kauri ne ko siriri?"

"Siriri ne, kamar tsuwa. In na motsa linzami sai ya ƙaru."

"To wannan ba daga soket yake ba, a ciki yake. Buɗe ka duba wayar ramin gaba, ina jin ka kwantar da ita a kan katin hoto ko ka ɗaure ta tare da wayoyin wuta. Raba su."

"In kuma ya ƙi fa, Maigida?"

"Sai ka ƙirga mini notinka."

Ƙirga noti shi ne inda mafi yawan masu sauya faranti suke tuntuɓe, don haka bari mu tsaya a kansa. Kafin ka buɗe, kashe kwamfuta, zare fulogi, danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita. Sannan ka taɓa ƙarfen jikinta kafin ka kai hannu ciki. Lokacin hunturu, da iska ta bushe, jikin mutum yana tara wutar da kake jin ta "tas" idan ka tuɓe rigar leda, kuma wannan ɗan tas ɗin yana iya kashe faranti sabo fil.

Faranti ba ya kwanciya a kan ƙarfe kai tsaye. A kan ƴan gajerun ƙafafu na tagulla yake zama, noti kuma ya bi ta ramin faranti ya shiga cikin ƙafar. Duba bakin kowane rami, za ka ga zoben ƙarfe mai ƙyalli. Ba ado ba ne. Ta nan faranti yake haɗuwa da jikin kwamfuta, daga can zuwa wayar ƙasa. Wanda ya ɗaura noti uku ya jefa sauran a aljihu, ko ya sa takarda tsakanin noti da zoben, ya rage wannan haɗuwar. A ɗaure kowane rami, a ɗaure shi daidai, ba har faranti ya lanƙwashe ba.

Akwai kuma wanda ya fi wannan haɗari. Farantai ba girmansu ɗaya ba. Tsarin ATX, wanda kamfanin Intel ya fitar a 1995, tsawonsa santimita 30.5 ne, faɗinsa 24.4, kuma yawanci noti 9 yake ci. Ƙaninsa microATX 24.4 ne ta kowane gefe. In tsohon faranti da sabo ba iri ɗaya ba ne, wata ƙafar tagulla tana iya saura a inda sabon ba shi da rami. Sai ta riƙa gogar bayansa tana haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Wannan ya wuce ƙugi, yana iya ƙona faranti. Ɗaga shi, ƙirga ƙafafu, ƙirga ramuka. Duk ƙafar da ba ta da rami, kwance ta.

A bayan kwamfuta akwai siririn murfin ƙarfe mai huji-huji, inda ramukan USB da na sauti suke leƙowa. Kowane faranti da nasa yake zuwa, wani ma a manne. Masu gaggawa sukan bar shi a kwali, kuma ba daidai ba ne: yana tare hayaniya, yana tare ƙura, mu kuwa ƙura ba baƙuwarmu ba ce. Ƴan harsunan da ke jikinsa su kwanta a kan ramukan daga waje. Kada ɗaya ya kutsa cikin rami.

Wayar ramin gaba kuma, in gidan kwamfutar tsoho ne, za ka iya ganin kai biyu: ɗaya an rubuta AC'97, tsarin 1997, ɗaya HD AUDIO, na 2004. Sabon faranti na biyun yake so. Tura shi har ya zauna.

To, ciki ya gyaru amma ƙugi mai kauri yana nan. Yanzu sai a bi waya zuwa bango. Dubi fulogin kwamfuta. Irin na Faransa yana da ƙafa biyu da rami ɗaya, inda ƙarfen ƙasa na soket yake shiga. Irin na Ingila, wanda kayan Najeriya suke zuwa da shi, ƙafa uku ne, doguwar ita ce ta ƙasa. Matsalar tana faruwa wajen haɗa wannan da wancan. A sayo ɗan mahaɗi mai ƙafa biyu, ko a karya ƙafa ta uku don fulogi ya shiga, shi ke nan an yanke hanyar ƙasa. Sokoti masu baki da yawa na araha ma, wasu in ka kwance su waya biyu kawai za ka tarar, ramin na ukun fanko ne. Kwamfuta, talabijin ɗinta, na'urar buga takarda da amsa-kuwwa, duk su sha wuta daga soket ɗaya mai ƙasa ta gaskiya. Cire su ɗaya bayan ɗaya kana saurare, wanda ka cire ƙugi ya tsaya, shi ne mai laifi.

Mai amfani da sola ko janareta, babu wanda ya kafa masa ƙasa sai shi. Ana kafa sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a ɗaure mata waya mai kauri da maƙalli, a kai ta ga soket da jikin inbata ko janareta. A nan ƙasarmu take ba da wahala. Busasshen rairayi ba ya karɓar wuta da kyau, laima ce take karɓa, kuma kowa ya san zurfin rijiyoyin ƙasar Dakoro. Shi ya sa za ka ga kwamfuta ta yi shiru da damina, rani na yi ƙugi ya dawo. A nemi wurin da ba ya rabuwa da laima, kamar inda ruwan alwala ko na wanke-wanke yake gangarawa. In sanda ɗaya ba ta isa ba, a kafa biyu ko uku, tsakanin kowace da ƴar'uwarta aƙalla tsawon sanda, a haɗa su da waya. Wasu suna zuba gawayi da gishiri a ramin. Yana taimakawa, sai dai gishiri yana cin ƙarfe, don haka a riƙa tonawa ana duba maƙallin. Ƙusa mai tsawon yatsa da aka soka a gindin bango ba ƙasa ba ce, ko da an ɗaura mata koriyar waya.

Wannan aikin na mai gyaran wuta ne, mai na'urar awo. Kada ka yarda kowa ya haɗa maka wayar ƙasa da shuɗiyar waya, wato ɗaya daga cikin wayoyin wuta biyu, a cikin soket da sunan dabara: ranar da shuɗiyar ta tsinke, ko aka juya wayoyi, jikin kwamfuta gaba ɗaya zai ɗauki bolt 220. Akwatin wuta kuma ba a buɗe shi, yana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi.

Akwai ƙugin da sanda ba ta magani. Ƙananan inbata na araha ba sa fitar da wuta mai santsi, a tsittsinke take fita, shi ya sa fanka ma take gurnani a kansu. In kwamfutarka shiru take a kan kuran amma tana ƙugi a kan inbata, sai dai inbata mai fitar da wuta irin ta kuran. Wayar salula da aka ajiye kusa da wayar sauti ita ma tana sa "dit-dit-dit" gab da kira zai shigo, matsar da ita kawai. In kuwa ba kai kake jin ƙaran ba, wanda kake magana da shi ne yake ji, shiga saitin makirfo ka rage ƙarin ƙarfin da aka yi masa, don sabon faranti yakan zo da nasa saitin.

In duk an bi waɗannan ramin sauti bai daina ƙugi ba, akwai ɗan katin sauti na USB, bai fi babban yatsa ba, mai koren rami da mai ruwan hoda a jikinsa. Yana fitar da aikin sauti daga cikin kwamfuta, kuma sau da yawa tsuwar nan ta ciki takan ɓace. A yi wa mai zuwa Maradi saƙonsa. Amma in jikin kwamfuta yana jan hannu, katin ba zai hana ba, sai an kafa sanda.