Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ya Ba Mu Labarin Makau?

Tambaya: Malam, ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a Ikara. Ɗalibaina sun tambaye ni ko da gaske sarakunan Hausa na kafin jihadi duk azzalumai ne. Me zan ce musu?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. Ka fara da tambayar su: daga bakin wa muka ji?

Yawancin abin da muke karantawa kan Yunfa na Gobir, wanda aka kashe a Alƙalawa a 1808, ya fito ne daga alƙalamin waɗanda suka yi galaba a kansa. Shehu Usmanu ya zayyana laifuffukan sarakunan a Kitabul Farƙi, irin su haraji marar tushe a shari'a da ƙwace dukiyar talaka. Muhammadu Bello ya ba da labarin yaƙe-yaƙen a Infaƙul Maisuri. Malamai ne na gaske, kuma zaluncin da suka ambata ba ƙage ba ne. Sai dai suna cikin rigimar, suna kafa hujja ne. Alƙalin da ya saurari mai ƙara kaɗai, ko da mai ƙarar mutumin kirki ne, bai gama shari'a ba.

Ku mutanen ƙasar Zazzau kun yi sa'a, domin naku sarkin ya bar masu magana da yawunsa. Muhammadu Makau, da Malam Musa na ɓangaren masu jihadi ya kora daga Zariya, ya yi kudu zuwa Zuba, aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. Ƙaninsa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja, inda har gobe sarautar Sarkin Zazzau ce. A tarihin Abuja da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, Makau Musulmi ne da aka far wa yana filin Idi a bayan gari, ya rasa hanyar komawa fada. Su ma fa nasu suke karewa. Amma ka ajiye labaran biyu gaban ɗalibai, ka ga yadda aji zai kaure.

A yaba wa Bello a nan: ya kawo wasiƙar Shehu Laminu na Barno mai ƙalubalantar hujjar yaƙin a cikin littafinsa, sannan ya ba da amsa. Masu nasara ba kasafai suke yin haka ba. A Rum, bayan Kustantin ya ci Maksentiyus da yaƙi a shekarar 312, an kafa masa ƙofar tunawa da aka rubuta abokin gabansa a matsayin azzalumi ba tare da ko ambaton sunansa ba, kuma katafaren ginin da Maksentiyus ya fara a tsakiyar birnin aka jingina shi ga Kustantin.

Abin ya zagayo kan jikokin masu jihadi. Da Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya tashi cin Kano da Sakkwato a 1903, rahotannin da yake aikawa Landan sun nuna sarakunan Fulani a matsayin masu farautar bayi da talakawa suka gaji da su. Akwai gaskiya a batun bayin, amma hujjar mamaya yake nema. Sarkin Kano Alu ya ƙare rayuwarsa a Lokoja a 1926, ɗaya daga cikin sarakunan da Turawa suka tsare a can.