Ɗakin awon numfashi

Jikinka kamar murhu yake. Abinci shi ne iccen. Iskar da kake shaƙa, mai suna oksijan, ita ke hura wutar. Wadda kake fitarwa kuwa ita ce hayaƙin.

To, ana iya auna wutar nan? Ƙwarai kuwa. Wajen 1862, a birnin Munik na ƙasar Jamus, wani masani mai suna Pettenkofer ya gina ɗan ɗaki don haka. Har yau ana aiki da irinsa. Mutum ya shiga, a rufe ƙofa. Ciki zai ci, ciki zai kwana. Iska na shiga ta bututu guda, tana fita ta wani, masana na awo. Daga iskar suke gane yawan abincin da jiki ya ƙona.

Ga abin mamaki: in aikinka ba mai tsanani ba ne, fiye da rabin ƙarfinka yana tafiya ne ko kana kwance. Zuciya, hanta da ƙwaƙwalwa ba su hutawa. Masassara ma ƙara wutar take.

Saboda haka kada ka ce da maras lafiya: "Ai ba noma kake ba." Ba shi kunu, kaɗan-kaɗan, sau da yawa.